Rasuwar Trude, Wayar da Aka Rufe wa Baki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba kuma ba ta da niyyar hucewa, Gesine Boysen, makiyayiyar tumaki a ganuwar teku ta ƙauyen Norderkoog, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan kiwo rasuwar wayarta, Trude, wadda ta cika ranar Talata sha biyu ga Nuwamba da hantsi, a kan teburin kicin na Telse Carstens, tana da shekara shida da wata huɗu a duniya.

An jinkirta wannan sanarwa wata biyu da ɗoriya, domin wanda aka kashe ba a gaggauta binne shi sai an gama bincike. Yanzu an gama. Masu cewa tsufa ne ya ɗauke ta su daina. Da sauran ƙarfinta aka rufe mata baki daga nesa, kuma waɗanda suka ƙera ta su ne suka yi. Ba za a ambaci sunan kamfanin a wannan takarda ba. Ya sha talla kyauta a aljihun Gesine shekara shida, ya isa haka.

Marigayiya ta shigo gidan Boysen ne a shekarar da Gesine ta karye a idon sawu. Ta zame a bakin wani rafi can gaban ganuwa, ta yi awa uku kwance cikin laka tana kallon ruwa yana matsowa, ba mai jin kiranta sai tumaki. Da aka cire mata ɗauri, yayanta Hauke, tsohon mai kamun jatan lande, ya saka ta a mota ya kai ta har ƙofar shagon wayoyi na Herr Lorenzen a garin Husum.

"Shiga ki zaɓi ɗaya," ya ce, "ko ni in zaɓo miki mai ruwan hoda."

Ta zaɓi baƙa. Ta raɗa mata sunan gwaggonsu Trude, wadda in ta buɗe baki ba ta rufewa sai shayi ya huce.

Trude ba kyakkyawa ba ce, ba ta kuma taɓa riya haka ba. Tun a shekararta ta farko wani rago ya taka ta, ya bar mata tsaga daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ci gaba da aiki da tabonta. Sau biyu tana faɗawa laka, sau ɗaya a bokitin madarar marayun tumaki, kowane karo aka binne ta a kwanon shinkafa ta farfaɗo garau. Ta san lambar kunnen kowace tunkiya, ta san mai haihuwar tagwaye da mai ƙin ɗanta. Lokacin haihuwa Gesine kan cije ta a baki tana haskawa, hannayenta biyu suna cikin tunkiya, kuma har ta rasu akwai shaidar haƙora a rigarta.

Murya uku gare ta. Da safe takan yi gurnani a bakin taga, gurr, gurr, tana jan ciki har ta kusa faɗowa. In an kira, sai ta kaɗa ƙararrawar jirgin ruwa da Hauke ya saka mata. Ta ukun ita ce doguwar ƙara mai tsini, kamar an taka dinya, wadda take yi in an aiko gargaɗi cewa teku zai wuce iyakarsa. Karen gidan, Fiete, ya san wannan murya fiye da sunansa; kafin Gesine ta zura ƙafa a takalmin roba ya riga ya kai bakin ƙyaure. Sau sha huɗu Trude ta yi wannan ƙara a rayuwarta, sau sha huɗu aka hauro da garke kan ganuwa ƙafa a bushe.

Aibunta ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ta kwanta dama ba: 'yar rahoto ce. In Gesine ta rubuta wa Hauke cewa gwiwa na damunta, kashegari sai tallan sandar dogarawa ya cika mata ido. Wadda ta fara gaya mata gaskiya ita ce maƙwabciyarta Telse, da ta yi shekara talatin tana kula da kwamfutocin tashar jiragen ruwa kafin ta ajiye aiki ta koma noman kabeji. Shekara biyu ke nan, wata Lahadi suna shan shayi, Telse ta ɗaga Trude da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Wannan 'yar taki ba ke take yi wa aiki ba, Gesine. Kawo ta in wanke mata ciki, in zuba mata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda jama'a suka haɗu suka rubuta, kowa na iya leƙawa ya ga abin da take yi. Aikin awa ɗaya ne."

"Me nake da shi na ɓoyewa? Su bi ni mana. Duk inda suka duba, a bayan tunkiya za su gan ni."

"Ba zancen ɓoyo nake miki ba, mai taurin kai. Mukullin gidanki ne a aljihun mutumin da ba ki taɓa gani ba."

"To in ya zo ya taya ni kwashe kashin garke," in ji Gesine, ta miƙa hannu ta ƙara kek.

Mai sanarwa ta nemi a rubuta wannan hira yadda take, domin tana so a sani cewa a jerin waɗanda take fushi da su akwai ita kanta.

Jinya ta fara a watan Afrilu da wata wasiƙa mai ladabi. Kamfanin ya ce wayoyi masu shekarun Trude sun yi hidima abin yabo, kuma a ƙarshen shekara zai janye hannunsa daga kansu. Daga nan duk sabuntawar da aka turo mata sai ta ƙara mata nauyi. Wadda ke buɗe littafin garke kafin a ƙifta ido ta koma sai an tsaya ana lallashi. Gesine ta kai ta wurin wanda ya sayar mata.

Herr Lorenzen ya juya ta gaba da baya, ya yi murmushi. "Frau Boysen, ai wannan ta ci zamaninta."

"Kai ka ce mini za ta shekara goma."

"Ƙarfen zai kai goman. Abin da ke ciki ne ba nawa ba, ba naki ba."

"Na wane ne?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna rufi, sannan ya nuna mata sababbi a cikin gilashi. Ta mai da Trude aljihu ta fita.

Ranar Alhamis ta ƙarshe a Oktoba, Gesine ta tashi ta tarar Trude ba ta yi gurnanin safe ba. Fuskarta ta zama fara fat da rubutu a tsakiya: an kammala sabuntawa ta ƙarshe, kuma domin tsaron mai ita, sai ta tabbatar cewa ita ce. An aika lambar shaida, in ji rubutun, zuwa wayar gida. Wayar gidan kuwa shekara huɗu ke nan da yanke ta. Babu gaba, babu baya. Gesine ta latsa ko'ina, ta kashe ta kunna, farin nan yana nan. Hasashen jiya ya ce ruwa zai ciko daidai yadda ya saba, saboda haka ta jefa ta aljihu da niyyar kai wa Telse da yamma, ta ɗauki guduma ta tafi gyaran shinge a gonar bayan gida, inda ganuwa ke tare wa mutum ganin teku. A ranta ta ce ko fuska ta rufe, ai ƙararrawa za ta yi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya iska ta juya arewa maso yamma. Aka aika gargaɗi. Wayoyi suka yi ta ihu a gidajen Norderkoog, kowa ya kama garkensa, kowa na zaton Gesine, da ba a taɓa riga ta ba, ta daɗe da hauro da nata. Hauke ne kawai, daga gidansa mai nisan kilomita sha biyu, ya ga ba ta turo masa ɗan saƙon da ta saba ba. Ya kira, ya sake kira. Da ya gaji ya shiga mota.

Tana durƙushe da ƙusa a baki ta ji burki, ta ga dattijo mai shekara saba'in da ɗaya yana gudu cikin ciyawa, hula ta faɗi bai tsaya ba.

"Ke kurma ce? Ruwa, Gesi! Ruwa!"

Da suka hau ganuwa ta leƙa ɓangaren teku. Inda ta bar koren fili da safe babu komai sai ruwa mai launin toka yana tafasa. Tumaki ɗari da sittin sun cure wuri ɗaya a kan wani ɗan tudu da ke ƙanƙancewa, kuma rafin da ke tsakaninsu da ganuwa ya cika ya tumbatsa. Fiete bai jira umarni ba, ya faɗa ya yi iyo ya zaga bayansu. Gesine ta shiga har ƙugu, ta kamo Berta, tsohuwar tunkiyar da garke ke bi, ta ja ta ta wuya, sauran suka biyo. Hauke ya tsaya a tsakiyar rafi, ruwa a ƙirjinsa, yana cafke duk wadda igiyar ruwa ta kwasa yana tura ta gaba, yana zagin teku da kakanninsa. Amma gashin tunkiya in ya sha ruwa nauyinsa ya fi nata. Kafin 'yan sa-kai na kwana-kwana su iso da igiyoyi, Gesine ta ga kawuna suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya, kusa da ita, inda da hannunta ya fi haka tsawo da ta kamo su. Berta ta koma da baya neman wata da aka bari, ba ta dawo ba.

Sha tara suka tafi.

Kashegari da rana ta bi gindin ganuwa da tarakta tana tsintar gawarwakin da teku ya dawo da su. Tana cikin ɗora ta ƙarshe sai ta ji motsi a aljihu. Gurr, gurr. Karo na farko cikin kwana ɗaya da yini. Ta goge hannu a wando ta ciro ta. A saman farin nan wani saƙo ya sami hanya ya shigo: lokaci ya yi da za ta mallaki sabuwar waya, ga kuma hotonta tana sheƙi.

Ashe akwai ƙofar da suka bar wa kansu a buɗe.

Gesine ta daɗe tsaye a wurin, iska na kaɗa ta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce tun daga wannan lokaci wani abu ya zauna mata a ƙirji, mai sanyi da nauyi, kuma da shi take tashi kowace safiya.

Sanyi ya shiga huhun Hauke, ya kwana sha shida a asibiti. Yau ba ya iya hawa ganuwa sai ya tsaya sau biyu a hanya. Gesine ta kira kamfanin da wayar Telse, ta sha kiɗa minti hamsin, sannan wata murya mai taushi daga wata ƙasa mai nisa ta ce suna baƙin cikin rashin jin daɗin da ta fuskanta, kuma za a yi mata rangwame a kan sabuwa. Mai sanarwa ba ta riƙe wannan mata a rai ba. Ana jin karantawa take yi.

Sai Gesine ta ɗauki marar lafiya Trude ta kai wa Telse. Telse ta shimfiɗa tawul a tebur, ta jona waya da kwamfutarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta yi tsaki.

"Ƙofar nan da na ce miki mu bi shekara biyu da suka wuce, sun toshe ta da wannan sabuntawa. Saura wata 'yar kafa. In na bi ta nan, ko ta tashi tamu ce, ko ta tafi gaba ɗaya. Kuma tafiyar ta fi yawa."

"In na bar ta haka fa?"

"Ki yi ta roƙonsu har su yarda ke ce ke, su buɗe miki. Sai ranar da suka ga dama su sake rufewa."

Gesine ta shafa tsagar nan da babban yatsa. "Yi. In mutuwa ce, ta mutu a hannunmu."

Minti arba'in aka yi. Fuskar ta haska da tambarin kamfanin, ta ɗauke, ta sake haskawa, kamar mai kokawa da wani a ciki. Can ta yi gurnani sau biyu, a hankali, har cokali ya motsa a kan faranti. Fiete, da ke ƙarƙashin tebur, ya ɗaga kai. Daga nan baƙi. Telse ta gwada duk abin da ta sani, sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Ta tafi."

Gesine ta shanye shayinta da ya riga ya yi sanyi. "Yanzu gaya mini inda zan taɓa su."

Telse ta gaya mata cewa doka ta ba ta ikon neman duk abin da suka tara a kanta. Gesine ta rubuta wasiƙar da hannunta, ta kai gidan waya da kanta. Sai a ranar ƙarshe ta wa'adi suka amsa. Da Telse ta buga abin a takarda, shafi ɗari tara ne da 'yan kai. Duk takun da Gesine ta yi a kan ganuwa shekara shida yana ciki, da lokacin kwanciyarta da na tashinta, da sau nawa ta tsaya a ƙofar likitan gwiwa. Kamfanin da ya ce bai tabbata ita ce ita ba ya fi Hauke saninta. A kusa da ƙarshe kuma ga ranar Alhamis ɗin nan, layi bayan layi.

Taron shekara na ƙungiyar masu kiwo da tsaron ganuwa ya zo a tsakiyar Janairu, a zauren gidan baƙi. Cikin abubuwan da za a yanke akwai sabunta wayoyin 'yan ƙungiya arba'in da shida daga shagon Herr Lorenzen, wanda ke zaune a baya da littattafan tallarsa. Shekara talatin Gesine na zuwa wannan taro ba a taɓa jin muryarta ba sai wajen neman a miƙo sukari. Ranar ta shigo da buhun abincin tumaki a kafaɗa, ta dire shi a teburin shugaba, takardu suka zubo. Ta zaro shafi ɗaya ta karanta, ba ta ɗaga murya ba.

"Sha ɗaya da minti shida, gargaɗin ambaliya. Ya iso, an riƙe. Sha ɗaya da minti sha huɗu, kira daga Hauke Boysen. Ya iso, an riƙe. Sha ɗaya da sha bakwai, Hauke Boysen. An riƙe."

Ta karanta duka tara. Ba a jin komai a zauren sai tarin Hauke.

"Kashegari, ƙarfe biyu da rabi, tallar sabuwar waya. An isar cikin nasara."

Momme Feddersen, mai shanun madara, ya gyara zama. Dama fuskarsa a murtuke take, domin matarsa Inke na cikin mutum sha ɗaya da Gesine ta riga ta zuga suka nemi nasu takardun, kuma da yake asusu ɗaya suke da shi a kamfanin, a ciki ta gano cewa gashin ciwon bayan da yake cewa yana zuwa kowace Laraba a teburin karta ake yin sa.

"Gesine, mun ji, kuma abin da ciwo. Amma mutanen nan ko ƙauyen nan kaf ya nutse ba za su sani ba. Mu arba'in da shida ne fa. Ke a ganinki za su ji?"

"Ban ce su ji ba, Momme. Na ce kada su ƙara riƙe mini ƙararrawa. Kai in kana so su riƙe maka taka, ka bar musu. Sun dai riƙe maka Larabarka da kyau."

Zaure ya fashe da dariya, har Inke. Telse ta miƙe ta yi bayanin abin da za a yi: wayoyin gwanjo waɗanda ake iya buɗewa, manhajar da ba ta da ubangida, saƙonnin ƙungiya a wata ƙaramar kwamfuta da za a ajiye a ɗakin 'yan kwana-kwana, mukullinta a hannun mutanen ƙauye. Ba ta yi musu daɗin baki ba. Ta ce wasu abubuwa za su yi wuya. Aka ɗaga hannu. Talatin da tara suka yarda, bakwai suka ƙi. Gesine ba ta kalli hannuwan ba. Herr Lorenzen take kallo yana tattara littattafansa, kuma ta amsa cewa abin ya yi mata daɗi har cikin ƙashi.

Kwana uku bayan haka ya zo gonarta da takalmin ofis, riƙe da kwali mai ƙyalli. Ta bar shi tsaye cikin taɓo har ta gama zuba ciyawa.

"Kyauta ce, Frau Boysen, daga aljihuna. Ni ma ba a tambaye ni ba. Mutum uku ke cin abinci a shagona."

"Ka san abin da ke ciki ba nawa ba ne tun ranar da ka sayar mini. Ba ka faɗa ba sai da na dawo da ita tana numfashi sama-sama."

Ya sake miƙo mata kwalin.

"Mai da kwalinka. In kana so mutanenka su ci abinci, nemo mana tsofaffin wayoyin da Telse za ta rubuta maka sunayensu, ka koyi canza batir. Rufe mini ƙyauren in za ka fita."

Ya koya. Kada a ɗauka ta yafe masa. Aiki kawai ta ba shi.

Domin gaskiya ta cika, ana sanar da cewa sabuwar rayuwar ba shimfiɗa ba ce. Wayar da ta gaji marigayiya ta gwanjo ce, hotonta dishi-dishi, kuma har yanzu ba a raɗa mata suna ba, sai ta nuna hali. Manhajar banki ta ƙi zama a cikinta, dole Gesine ta shiga bas zuwa Husum duk ranar Juma'a. Hauke na ƙorafi cewa sabuwar taswira ta kai shi cikin gonar wani. Amma gargaɗin ruwa yanzu ta hanya uku yake zuwa, har da tsohuwar jiniyar ƙauye da aka kakkaɓe aka gyara, kuma babu wanda ke zaune a wata ƙasa da zai iya cewa a riƙe. Bayan Gesine ta kwashe hotunanta dubu huɗu, ta nemi kamfanin ya goge asusunta da ke wurinsu da duk abin da ke ciki. Suka tambaye ta sau uku ko ta tabbata. A na ƙarshe suka ce za su yi kewarta. Ta ce ta latsa wannan maɓalli da ƙarfin da ya kusa fasa kwamfutar Telse.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, wadda ta koma hidima a gidan magajiyarta. Da rigar roba mai shaidar haƙora. Da kare Fiete, wanda har yanzu kan je bakin taga da safe ya tsaya. Da tumaki ɗari da arba'in da ɗaya. Da Hauke Boysen, da abin da ya rage masa na huhu. Ta kuma bar 'yan'uwa masu shekarunta a aljihuna da yawa na wannan yanki, waɗanda aka riga aka aiko wa irin wasiƙar nan mai ladabi. Ana roƙon masu su kada su jira abin da Gesine ta jira.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe biyu na rana, a ɗakin 'yan kwana-kwana na Norderkoog. Ba za a saka ta a ƙasa ba, domin batirinta guba ne ga ciyawar da tumaki ke ci. Za a raka ta a ƙafa har wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki, Fiete a gaba. Iyali sun nemi kada a kawo furanni. Kowa ya zo da wayarsa cike da caji, da kalmar sirrinsa a rubuce, da haƙuri. Telse za ta zauna a teburin farko, Herr Lorenzen na gefenta da batura. Akwai shayi da kek, kuma Inke Feddersen ta yi alkawarin kawo mijinta ko da ja ne. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a wuri ɗaya kowace Asabar, har sai wayar ƙarshe a ƙauyen nan ta fita daga hannunsu.

Shugabannin kamfanin ma an aika musu goron gayyata ta gidan waya. Ɗakin ƙarami ne, saboda haka an ware musu kujeru uku a fili mai iska, can gaban ganuwa, ɓangaren teku, daidai bakin rafi. Ana roƙonsu su zauna tun ƙarfe uku, kada su motsa. In an sami wani canji game da ruwa, za a kira su a waya.